Ranar Da Na Zaɓi Kekena A Kasuwar Batsari

Ƙanin mijina da mai kekunan kasuwar Batsari sun tsaya a gabana suna cinikin keke da kuɗina, kuma babu wanda ya dubi inda nake. Abin ya ci mini rai a ranar. Har yau in na tuna sai in ji haushi, ba kuwa zan sassauta faɗarsa don wani ya ji daɗi ba. Ni na zuba adashi, ni na sayar da tunkiyar da na yi kiwo da hannuna, ni ce dugadugaina suka tsage da tafiya, amma aka jingine ni a gefen rumfa kamar buhun gero.

Bari in faɗi yadda aka yi na kai ga wannan rumfa. Ban taɓa zama a aji ba sai da na aurar da ɗiyata ta fari. Ajin manya ne aka buɗe wa mata a firamaren garinmu Karare, bayan la'asar, kan bencin yara, gwiwarki na neman taɓa haɓarki. Da yawa muka fara, da damina ta faɗi aka watse. Ni ban gudu ba. Na riƙe fensir kamar mai riƙe da muciya har yatsuna suka saba. Na iya karatu, na iya rubutu, na iya lamba. Lambar nan ce ta samo mini aiki a wani ƙaramin asibiti a cikin Batsari. Ranar awo ni ke rataya jarirai a sikeli, in faɗi nauyinsu da ƙarfi, ma'aikaciya ta rubuta. Sauran ranaku in yi shara, in tsara mata a layi, in lallashi masu kuka, yaran da iyayensu duka. Wasu za su ce ƙaramin aiki ne. Su ce. Macen da ta haura arba'in ba ta san ko bihim ba, yau ita ke karanta wa ma'aikaciya lamba, ni a wurina babu kujerar da ta fi wannan.

Hanya ce ta so ta raba ni da aikin. Tun da daji ya lalace 'yan kabu-kabu suka daina fita da duku-duku, in rana ta ɗaga kuma abin da suke kira ya fi ƙarfin albashina. Sai ƙafa. Ina sallame asuba zan kama hanya, amma duk saurina sai in iske baranda ta cika da mata, yara na tsala kuka, sikeli na rataye babu kowa. Wata rana incajinmu, shugabar asibitin, ta kira ni ofis. Mace ce mai haƙuri, amma ba ta maimaita magana.

Ta ce, "Inna, ina jin nauyinki. Amma akwai masu neman wurin nan a cikin gari, ƙofa da ƙofa da asibiti. In ba za ki iya isowa kafin a buɗe ba, ki faɗa mini gaskiya."

Na ce, "Zan iya."

Na faɗa ne kawai. A hanyar komawa gida wani tsoho ya wuce ni a kan keke, da damin kara a baya, yana tuƙi a hankali yana cin goro, ya bar ni ina haki. Na tsaya na bi shi da kallo har ya sha kwana. A nan na yanke shawara.

Keke ba baƙona ba ne. Ina yarinya Baba yana da wani baƙin keke mai nauyi, in zan kai masa fura gona nakan sace shi in zura ƙafa ta ƙarƙashin sanda, in tafi a karkace kamar kaguwa. Ranar da aka ce na girma aka raba ni da shi, babu wanda ya tambaye ni. Sannan ga ɗiyata tana aure a Babban Duhu, cikin ƙasar Safana, ta haihu, ina son in riƙa leƙa ta ranar Asabar. A ƙauyukan can, in aka jiyo ƙarar babur daga nesa mata kan fara kwashe yara kafin a ga ko wane ne. Ba na son zuwana gidan ɗiyata ya zama abin faɗuwar gaba. Keke ba ya tsorata kowa.

Da na gaya wa Malam, maigidana, ya daɗe yana shafa gwiwarsa mai ciwo kafin ya ce, "In kin iya, ki hau. Ni dai ƙafar nan ba ta kai ki ko'ina." Sai ya ƙara da cewa ƙaninsa ya raka ni kasuwa, tun da shi ya san kan keke, kada a cuce ni. Ban ƙi ba. Ƙanin nan nasa magidanci ne da 'ya'yansa, amma tun yana ɗan saurayi muke wasa, yana ce mini matarsa, ina ce masa ƙaramin miji. Na ɗauka rakiya zai yi.

Ranar kasuwa muka isa rumfar mai kekuna da hantsi. Aka yi gaisuwa mai tsawo, aka tambayi gida da iyali da ruwa da labarin daji, aka yi wa juna addu'ar zaman lafiya. Da ƙaramin miji kaɗai ake yin duk wannan. Ni aka ce mini, "Hajiya, ga benci." Na zauna. Ƙaramin miji ya nufi wani jan keke mai sheƙi, mai giyar canza gudu, sandarsa ta kai mini ƙugu. Ya ɗaga shi ya dire, ya matsa birki, ya murza feda, ya haye ya zaga kasuwar hatsi ya dawo yana murmushi har kunne. Suka shiga ciniki, wannan ya ce albarka, wancan ya ce a duba.

Na ce, "Ƙaramin miji, tsayin wa kake gwadawa?"

Ya ce, "Nawa mana, matata. Ai ni zan riƙa kai ki da safe in ɗauko ki da yamma. Ke dai ki zauna a baya, kan kariya, kamar amarya."

"Tsakanin safe da yamma fa, keken yana ina?"

"To, ai ba a barin keke ya zauna banza, tsatsa yake yi."

"Ranar da ka makara fa?"

"Ni? Yaushe na taɓa makara?"

"Ranar sunan ɗanka sai da aka aika aka tashe ka. Ranar Asabar kuma wa zai kai ni Babban Duhu?"

Ya sosa ƙeya. "Asabar kam ina da 'yan hidimomi."

A nan na gane abin da kowa ya ɗauka tun daga gida, har da Malam mai yiwuwa: zan saya, wani ya hau. Aikina zai rataya a kan barcin ƙanin mijina. Na miƙe, na ƙara ɗaure bakin zanena inda kuɗin suke, na ce wa mai kekuna, "Alhaji, ka saurara. Wanda zai hau shi ne zai biya. In shi zai hau, ga shi nan, ya zaro."

Ƙaramin miji ya lalubi aljihu kamar da gaske, ya fito da asuwaki. Mai kekuna ya dube shi, ya dube ni. A karon farko ke nan da idonsa ya sauka a kaina.

Ya ce, "To Hajiya, wanne kike so? Nuna, a ɗaure miki."

"Ba na nuni. Hawa zan yi in ji."

Ya yi dariya, ya ga ban yi ba, ya gimtse. "Hajiya, tun da nake a rumfar nan mace ba ta taɓa gwada mini keke ba."

"Tun da kake a rumfar nan mace ta taɓa kawo maka kuɗin keke?"

Wata tsohuwa mai ƙosai da ke kusa da rumfar, wadda ashe duk tana saurare, ta ɗago matsami ta nuna shi da shi. "Ba ta ta hau mana, Alhaji. Mi zai ci ka? Ko tsoro kake ta gudu da shi?"

Ya kama wannan kamar wanda aka miƙa wa igiya. "Yauwa! Ka'idar rumfa ce, baƙon ido ba ya fita da keke sai ya bar jingina."

Na kamo hannun rigar ƙaramin miji na tura shi kan bencin da na tashi. "Ga jingina. Riƙe shi har in dawo."

Mai kekuna ya ƙare masa kallo daga hula har silifas, ya ce, "Wanga ko kuɗin taya ɗaya bai yi ba."

Mai ƙosai ta yi dariya har tana tari. Shi ma jinginar sai da ya dara. Da dariyar nan aka wuce wurin. Amma Alhaji ya roƙe ni kada in hau a tsakiyar kasuwa, in zaga baya inda ake ɗaure jakuna. Na yarda, ba don shi ba. Hanyar bayan kasuwa irin hanyarmu ce sak, burji kaɗan, sai rairayi, sai tsidau, sai sawun shanu da ya bushe ya zama ramuka. Abin da keke zai yi a nan shi zai yi mini kullum.

Zan faɗi gaskiya, jan keken nan ni ma ya shiga raina. Shi na fara ja. Na zo da shiri, da wando a ƙarƙashin zane, don haka na tattare zanen na ɗaga ƙafa na tsallake sandar da kyar. Yatsun ƙafata kaɗai ke taɓa ƙasa. Na yi bismilla na taka. Ya tafi kamar an harba shi. Iska ta cika mini hijabi, zuciyata ta ce ashe ba ki manta ba. Ban gama jin daɗin ba na ji an fizge ni ta wuya. Gefen hijabina ne ya faɗa cikin sarƙa, haƙoran suka naɗe shi. Na nemi in dire ƙafa, sanda ta tare ni. Sai ga ni a ƙasa, keke a kaina, wani jaki ya ja da baya yana kallona.

Ashe rabin layin rumfunan sun biyo ni kallo. Dariya ta tashi. Na ji wani yana cewa, "Ai dama!" Na ji ƙaramin miji ya baro bencin jingina da gudu yana cewa, "Matata, kin ji ciwo? Don Allah a bar abin nan, ni zan riƙa tashi da wuri, wallahi."

Gwiwar hannuna ta goge, tsidau ya cika mini tafin hannu. Na zauna a wurin na warware hijabin daga sarƙa a hankali, baƙin mai ya ɓata shi, gefen ya yage. Ban dubi kowa ba. A cikin aji ma an yi mini dariya ranar da na rubuta harafi a juye a kan allo, washegari kuma ni na riga kowa zuwa. Na tsince ƙayar ɗaya bayan ɗaya, na tashi, na karkaɗe zane, na tura keken na mayar.

Na ce, "Alhaji, wannan ba nawa ba ne. Sandarsa ta hana ni sauka, sarƙarsa tsirara take. Kawo wani."

Yanzu kam ya daina dariya, ɗan kasuwa ya farka a cikinsa. Ya fito da wani siriri mai kwando a gaba, fari da ruwan hoda, irin na 'yan matan birni. Babu sanda, wannan ya yi. Amma tayarsa kamar tsinken tsintsiya. Ina shiga rairayi ta nutse, na yi ta takawa ina wuri ɗaya har cinyata ta ɗau rawa. Na sauko na jawo shi.

Ina mayar da shi ne na hango wani a can ƙuryar rumfa, an jingine shi bayan tarin tsofaffin tayoyi, buhu ya rufe rabinsa. Kore ne da ya koɗe, ɗan gwanjo, fentinsa duk ya ɓamɓare. Babu sanda, ƙarfen ya lanƙwaso ƙasa yadda mai zane za ta zura ƙafa ba tare da ta ɗaga ba. Sarƙarsa a rufe take ruf cikin gidanta na kwano. Tayoyinsa masu kauri, kariyarsa kuwa faffaɗa, za ta ɗauki ƙullin dawa da tsarabar jika.

Na ce, "Wancan fa?"

Ya yamutsa fuska. "Wancan ya daɗe a nan. Maza na jin kunyar hawa, wai na mata ne. Mata kuma ba su zuwa."

"To ga mace ta zo."

Ya zaro shi, ya busa ƙura, ya buga masa iska. Na sa ya sassauto da sirdin har sai da tafin ƙafata ya zauna a ƙasa daram. Ƙaramin miji na gefe yana ƙunƙuni, wai ko giya babu, wai tsohon ƙarfe ne, wai za a ce gidanmu an rasa abin saye sai keken da kowa ya ƙi.

Na ce, "Mai facin Karare ya san gyaran giya?"

Ya ce, "Yana koyo."

"Ba a kan kekena ba."

Wannan karon na tattara hijabin na ɗaure shi a ƙugu, na zura ƙafa, na taka. Nauyi gare shi a farko, kamar turmi. Da ya ɗauki hanya kuwa sai ya zauna a ƙarƙashina shiru, ba ya rawa, ba ya gardama. Na bi ta kan sawun shanu, ya haɗiye ramukan. Na tunkari rairayin da ya kayar da mai kwando, na danna feda da duk ƙarfin da shekarun daka suka bar mini a cinya, tayar baya ta ɗan yi wutsiya, ta kama, muka fita. Na matsa birki ya tsaya inda na ce, na dire ƙafa biyu babu abin da ya tare ni. Akwai wata bishiyar aduwa a ƙarshen fili, na zagaye ta na dawo. Da na iso inda mutane suke ban tsaya ba. Na wuce su na sake komawa aduwar, ba don gwaji ba, don daɗi kawai. Ina juyowa na ji guɗa ta tashi. Mai ƙosai ce, ta bar kaskonta a wuta ta fito, ta toshe hanci tana rangaɗawa, masu fura da masu daddawa suka karɓa. Wanda ya ce ai dama ban san inda ya shige ba.

Cinikin ni na yi shi, baki da baki, ƙaramin miji na zaune kan benci ya harɗe hannu. Na ja, Alhaji ya ja. Na nuna masa fentin da ya ɓamɓare da daɗewar da keken ya yi yana tare masa wuri, ya nuna mini guɗar da aka yi, wai ai ta ƙara masa daraja. Kafin ya sallama na sa ya canza robar birki, ya ɗaura mini sabuwar ƙararrawa, ya haɗa mini da famfo da kayan faci, don tsidau ba ya jin roƙo. Da na kwance bakin zane na biya, hannu biyu ya sa ya karɓa. Ya ce, "Allah Ya sa a kashe lafiya, Hajiya. In wata ta tambaye ki, ki ce akwai hanyar samo irinsa."

Mai ƙosai ta ƙulla mini na zafi a takarda ta ƙi karɓar ko sisi. Na ɗaure a kariya, na juya wajen ƙaramin miji.

"Hau in goya ka."

Ya ja da baya kamar na nuna masa maciji. "Ni? A bayan mace? A cikin Batsari?"

"Kai ne ka ce kariya wurin amarya ne. Zo ka ji daɗinta."

Ya rantse ya maya, ya ce yana da sauran sayayya. Na bar shi nan.

Tafiyar gida ba zan iya kwatanta ta ba. Gero ya yi kai a dama da hagu, gyaɗa ta rufe ƙasa, hanyar da na san kowane dutsenta da tafin ƙafata sai ga ta tana gudu a ƙarƙashina. Na wuce tsamiyar da nake hutawa kullum ban ko waiwaye ta ba. Wasu mata masu ɗauke da itace suka tsaya baki buɗe, na kaɗa musu ƙararrawa, ɗaya ta ɗaga mini hannu har kayanta ya nemi zubewa.

Amma da na hango rufin masallacinmu sai wani abu ya kama ni. Ban san lokacin da na sauka ba. Na kwance hijabi na sake shi, na bi ta bayan gari, ta wajen rumbuna, ina tura keken kamar wadda aka aika ta kai wa wani. Ni da na faɗi a gaban kasuwa guda na tashi, sai ga ni ina raɓe-raɓe a garinmu.

Malam ya zagaye keken a tsakar gida, ya matsa taya, ya buga ƙararrawa, ya ji labarin jingina ya yi dariya har da hawaye. Bayan magariba, muna cin tuwo, ya ce, "Na ji ta baya kika shigo. Kin kyauta. Gobe ma ki tura shi ta nan, in kin wuce rumbuna sai ki hau. Kin san bakin majalisa."

Ba da mugunta ya faɗa ba, tausayina yake ji. Na dai zauna ina auna abin. Hanyar baya zagaye ce, ga kwari, in an yi ruwa sai an tuɓe takalmi. Duk lokacin da keken zai rage mini, ɓuya za ta cinye wani abu a ciki, ni kuwa alkawari na ɗauka zan riga buɗe ƙofa. Kuma na san halin garinmu, na san halina. In na ɓoye shi gobe, zan ɓoye shi jibi, har ya zama ni da kaina na yarda abin kunya nake yi.

Washegari ina idar da salla na ɗaure hijabi a ƙugu, na fito da keken ta zaure, ta ƙofar gaba. Na hau a bakin ƙofa. Dattawa sun fito daga masallaci suna zaune kan dakali da carbi a hannu. Na taka har gabansu, na matsa birki, na dire ƙafa biyu, na rusuna daga kan sirdi. Na gaishe su ɗaya bayan ɗaya, babba kafin ƙarami, na tambayi kwana da gajiya da iyali da ƙafar mai ciwon ƙafa, ban tsallake kowa ba, ban yi sauri ba. Suka amsa, idanunsu na kan taya. Da gaisuwa ta ƙare, sai mafi tsufansu ya gyara murya ya ce, "Ina zuwa haka da sassafe?"

Na ce, "Aiki, Baba. Jarirai na jira."

Na ɗora ƙafa a kan feda, na danna, na miƙe tsakiyar gari na nufi Batsari tun rana ba ta fito ba.